Yadda zaka zana wa ɗan wasanka fuskar anime a PES ta PPSSPP da wayarka kawai

Kafin komai mu fara da zaɓen gem ɗin, domin nan ne mutane da yawa suke ɓata datarsu a banza. eFootball ta Konami da FC Mobile ta EA duk a intanet suke tafiya, babu wata ƙofa da suka bar maka ta saka fuskar da ka zana, kuma idan ka je kana taɓa fayilolinsu ta bayan gida toh akawun ɗinka ne a cikin haɗari, suna iya rufe shi da duk 'yan wasan da ka sha wahalar tarawa. Dream League Soccer kuwa ta yarda ka saka rigar kulob da tambari, hoton PNG mai girman 512 sau 512 ta hanyar liƙa adireshinsa, amma fuska babu. Inda ake wannan aikin hankali kwance shine PES ɗin nan, gem ɗin ƙwallo na PSP, ƙaramar na'urar gem ta hannu ta Sony, da muke bugawa a waya da manhajar PPSSPP, wacce Henrik Rydgård ɗan ƙasar Suwidin ya fitar a 2012, kuma kyauta ce a Play Store. Shi PSP ɗin PES 2014 ce ta ƙarshe da Konami ta yi masa, waɗannan da kake gani ana rubuta musu sabuwar shekara kullum tsohuwar ce masu gyara suke canza wa riguna da fuskoki da sunaye, kaga kenan abun da suke yi kai ma shi zaka yi, bambancin kawai su hoton mutum na gaske suke liƙawa kai kuma zane zaka yi irin na anime, wato salon kartun ɗin Japan.

Kayan aikin ba su da yawa. PPSSPP da gem ɗinka da ya riga ya zauna yana aiki, sai ZArchiver ko wata manhajar duba fayil, sai ibisPaint X domin zanen. Wasu suna so su yi da PixelLab saboda ita hannunsu ya saba da ita, amma gaskiya PixelLab ta rubutu ce da jera hotuna, zanen ido da gira yana son burushi mai kyau da leya-leya, wato shimfiɗar zane ɗaya a kan ɗaya, ibisPaint ɗin ta fi dacewa nesa ba kusa ba kuma da yatsa ma ana iya yi in babu alƙalamin taɓa sikirin.

Abun da ya kamata ka gane tun yanzu, wanda in ka gane shi rabin aikin ya ƙare, shine fuskar ɗan wasa kashi biyu ce. Akwai siffar kan kanta, wato tudun hanci da ramin ido da haɓa da kunne, wannan a gine take cikin gem ɗin kuma ba ita zamu taɓa ba. Sannan akwai tekscha, hoton da ake lulluɓa wa wannan siffar. Idan ka buɗe hoton zaka ga fuska a baje ta yi faɗi, kunnuwa can gefe, kamar fatar ragon layya da aka shanya a ƙasa, kar ka tsorata ka ce ya lalace, haka yake. Duk inda ido yake a wannan hoton nan ne zai faɗa cikin ramin ido, ka matsar da shi sama kaɗan sai ka ga idon ɗan wasanka ya hau kan gira.

Toh yanzu fito da hoton. Ka buɗe gem ɗin, ka shiga Settings, sai Tools, sai Developer tools, a nan zaka ga Replace textures da Save new textures. Na farkon shi ke sa manhajar ta ɗauki hotunanka a madadin na asali, na biyun kuma shi ke sa ta riƙa zubo maka duk hoton da ta nuna a sikirin. Kafin ka kunna na biyun ka leƙa ɓangaren Graphics ka kashe ƙarin girman tekscha in a kunne yake domin hoton ya fito yadda yake na asali, sannan dan Allah kar ka kunna shi tun daga farkon gem ka tafi ka buga minti casa'in, zata zubo maka hotunan ciyawa da 'yan kallo da alluna da lambobi har ka rasa inda fuskar take, ga wayar zata riƙa sarƙewa ga sitorej yana cika. Ka fara zuwa wajen gyaran 'yan wasa, ka tsaya daf da sunan wanda kake so, sannan ka kunna, ka buɗe shi fuskarsa ta fito ka ɗan juya kan, ka koma ka kashe, shikenan.

Hotunan suna sauka a foldar PSP, cikin TEXTURES, cikin wata folda mai lambar gem ɗinka wacce yawanci take farawa da ULES ko ULUS da lambobi biyar a bayanta, cikinta kuma akwai wata mai suna new. Masu Android 11 zuwa sama ku lura, foldar PSP ɗin tana inda kuka zaɓa ranar da kuka fara buɗe manhajar, in kuma baku zaɓa ba tana cikin Android/data/org.ppsspp.ppsspp, kuma wasu wayoyin suna wahalar da mutum kafin ya shiga can, shi yasa na fi son mutum ya zaɓi folda a fili tun farko. Sunayen hotunan dogayen haruffa ne da lambobi guda 24 a haɗe, babu sunan ɗan wasa a jiki, don haka ka jera su da lokaci, na ƙarshe-ƙarshen nan su ne naka. Wannan dogon sunan kar ka goge ko harafi ɗaya a ciki, da shi manhajar take gane wane hoto zata maye.

Akwai wani abu da yake rikita mutane a nan. In gem ɗinka irin gyararren nan ne da ya zo da foldar TEXTURES tasa, mai yiwuwa ka kunna komai daidai amma fuskar ta ƙi fitowa a new. Dalili shine manhajar sababbi kawai take zubowa, wanda an riga an maye shi bata sake ajiye shi. Kenan fuskar tana nan cikin foldar da mai gyaran ya haɗa, sau da yawa ma ya ware wa fuskoki folda daban, sai ka nemo ta can, ka kwafi ta asalin ka ɓoye a wani waje kafin ka taɓa ta. Ita wannan ɓoyewar wajibi ce, in zane ya ƙi sai ka dawo da ita ka ci gaba da buga ƙwallonka.

Wane ɗan wasa zaka zaɓa? Ka ɗauki wanda yake da fuskarsa ta kansa, irin manyan taurarin nan. Ƙananan 'yan wasa da yawa fuska ɗaya suke rabawa, ka canza wa ɗaya sai ka tarar da ita a jikin mutum goma a kulob daban-daban. Sannan ka duba gashi da kyau tun kafin ka fara, domin tsinin gashin nan na anime da yake tashi sama ba zane ne zai kawo shi ba, siffa ce, in kan ɗan wasan a aske yake ƙwal toh duk abun da ka zana a kwance zai zauna. In kana son gashi mai tashi ka nemi wanda dama yana da tsagin tsakiya mai tudu ko afro ko dogon gashi, daga baya ka canza masa suna da lamba da takalmi a wajen gyara ya zama naka.

Yanzu ka shigo da hoton cikin ibisPaint. Zaka ga ƙarami ne sosai, kar ka manta sikirin ɗin PSP 480 sau 272 ne kacal kuma babban tekscha da injin yake ɗauka bai wuce 512 sau 512 ba. PPSSPP ta yarda ka mayar da hoton da ya fi na asali girma, sharaɗin kawai ka riƙe ma'auninsa, wato ka ninka tsawo da faɗi da lamba ɗaya, sau biyu ko sau huɗu, in 128 sau 128 ne ka kai shi 512 sau 512, in tsawonsa ya ninka faɗinsa toh ya zauna a haka. Ban ba ka shawarar wuce 512 ba musamman in wayarka mai RAM 2 ko 3 ce, 'yan wasa 22 ne a fili kuma in kowa ya ɗauko ƙaton hoto gem ɗin zai fara tafiyar hawainiya, ga shi zanen anime dama baya buƙatar girma tunda launuka ne a shimfiɗe.

Kafin ka zana komai ka yi wannan gwajin, ni a wajena shine matakin da ya fi kowanne muhimmanci kuma shi aka fi tsallakewa. Ka buɗe sabuwar leya a saman hoton, ka ja layuka a tsaye da a kwance da kore shar su zama gida-gida, ka ɗiga ja a tsakiyar kowane ido, shuɗi a kan hanci, rawaya a gefen baki biyu, ka rubuta harafi ɗaya a kumatun dama kawai. Ka ajiye, ka saka a gem yadda zan nuna a ƙasa, ka kalla. A take zaka ga inda gidajen suka miƙe suka yi tsawo, yawanci gefen hanci da ƙasan haɓa, da inda suka matse, kuma harafin nan zai gaya maka ko gem ɗin yana maimaita rabin fuska ne, in ya fito a kumatu biyu toh duk tabo ko zanen da ka yi a gefe ɗaya sai ya fito a ɗayan, sai ka haƙura da shi. Ka ɗauki hoton sikirin na wannan gwajin ka ajiye kusa, shine taswirarka.

Sai fata. Mutane suna ɗauka anime manyan idanu ne kawai, a'a, sirrinsa ragewa ne. Fuskar gaske tana da launi ɗaruruwa da ƙuraje da layin tsufa, ita kuwa ta anime launi biyu ne ko uku, na asali da na inuwa da ɗan haske, kuma iyakar inuwar a yanke take tsaf ba a shafe ta ba. Ka ɗauki abun tsotsar launi ka tsotso daga can bakin hoton wajen wuya, da shi zaka shafe fuskar gaba ɗaya a sabuwar leya, dalili kuwa hannu da ƙafa da wuyan ɗan wasan wani tekscha ne daban da suke rabawa da sauran masu irin launinsa, in ka kauce masa da yawa sai ka ga layi a wuya kai daban jiki daban. Ka rage ƙarfin wannan leyar na ɗan lokaci domin ka riƙa hango ido da bakin asali a ƙasa.

Nan ina so in tsaya kaɗan a kan baƙar fata domin abun yana damuna. Sau da yawa zaka ga an zana ɗan wasan Afirka a salon anime sai a haskaka shi har ya fita daga kamanninsa, wai don salon ya fito, ko kuma a yi masa inuwa da toka-toka ya koma kamar marar lafiya. Babu buƙatar ko ɗaya. In kana haɗa 'yan Super Eagles ne ko Mena ta Nijar ko Kano Pillars ko kuma ƙungiyar unguwarku, ka bar musu launinsu. Abun da zaka kula da shi inuwar ce, kar ka yi ta da baƙi, ka yi ta da ruwan ƙasa mai duhu da ya karkata wajen ja ko shunayya kaɗan, hasken kuma ya karkata wajen ruwan zuma. In kana son wajen farawa ka gwada lambar launi 8D5524 a matsayin na asali, 5C3317 na inuwa, B87A45 na haske, daga nan ka matsa sama ko ƙasa daidai da wuyan ɗan wasanka. Layin zanen ma a kan fata mai duhu yana ɓacewa in siriri ne, don haka ka ƙara masa kauri, kuma farin ido da ɗigon haske su ne zasu ɗauki nauyin fuskar.

Inuwar a ina ake sa ta? Ƙasan gashi a goshi, ƙasan gira, gefe ɗaya na hanci ɗan kaɗan, ƙasan leɓen ƙasa, da ƙasan haɓa zuwa wuya. Ka buɗe leya a saman ta fata ka kunna mata Clipping domin kar launin ya fita waje, ka yi amfani da burushi mai kaifin baki irin Dip Pen ɗin nan mai tauri, ka guji na feshi. Amma kar ka cika ta, domin gem ɗin yana da nasa hasken da yake zubawa a kan siffar, in ka yi inuwa mai nauyi a gefe ɗaya sai ɗan wasan ya juya ka ga inuwa tana fuskantar rana. Inuwar da take daga sama zuwa ƙasa ita ce take zama daidai ko ina ya juya.

Ido kuma shine inda zaka zauna ka ɓata lokaci. Ka kunna madubin zane na ibisPaint ka daidaita layinsa a tsakiyar hanci domin abun da ka zana a dama ya fito a hagu. Ka fara da fatar ido ta sama, layi mai kauri da ya ɗan lanƙwasa, ya fi kauri a gefen waje, na ƙasa kuma ɗan guntu siriri ko ma ka bar shi babu. Girman idon ka ƙara kamar rabin na asali, kar ka ninka shi biyu, kuma ƙarin ka tura shi ƙasa wajen kumatu da ɗan gefe inda siffar take a shafe, kar ka tura shi sama, can tudun gira ne zai karya maka shi. Ƙwayar idon ka yi ta doguwa kaɗan daga sama zuwa ƙasa, samanta ya shige ƙarƙashin fatar ido, rabin sama mai duhu rabin ƙasa mai haske, baƙin tsakiya, sai ɗigon fari babba ɗaya a sama da ƙarami a ƙasa. Shi ɗigon farin ka kashe madubi kafin ka sa shi, ya zauna a gefe ɗaya a idanun biyu, in ba haka ba ɗan wasan zai fito da harara-garke. Halin ɗan wasa kuwa a gira yake, girar da ta sauko ta wajen hanci da ido a ɗan tsuke tana ba ka ɗan gaba mai zafin nama ko ɗan bayan da baya wasa, wacce ta ɗaga da ido a buɗe tana ba ka yaro sabon shiga mai ɗoki, mai tsaron gida kuma miƙaƙƙiyar gira mai kauri tana yi masa kyau. Ni dai na fi son mutum ya ƙirƙiri nasa a kan ya kwafo wani sananne daga kartun ɗin Japan, in ka haɗa ƙungiya guda kowa da girarsa da idonsa daɗin ya fi yawa.

Hanci da baki ba sa son aiki. Tudun hancin yana nan a siffa don haka ɗan inuwa a ƙasansa ya isa, ramukan hancin asali ka shafe su ko ka bar ɗigo biyu ƙanana. Baki layi ɗaya ne a daidai inda leɓɓan asali suka haɗu, ka ɗan yanke shi a tsakiya, ga ɗan inuwa a ƙasa. Gemu ka yi shi dunƙule da launi ɗaya mai tsini-tsini a baki, ba gashi ɗaya-ɗaya ba.

Gashi in a hoto daban yake toh a kula da wuraren da babu komai a jikinsa, wato inda ake gani ta ciki, su ne suke yanke bakin gashin, in ka cika su da launi sai ka ga allo murabba'i a kan ɗan wasa. Ka kulle su ta hanyar yin Clipping a kan hoton asali, ka shafe da launi ɗaya, ka sa mai duhu a ƙasa, sannan ka ja zoben haske mai zigzag a kewayen saman kai, wannan zoben shi kaɗai yana mayar da gashi na anime. Baƙin gashi ka yi masa hasken shuɗi mai duhu, yana fitowa sosai.

Kana cikin zane ka riƙa janye hoton baya yana komawa ƙarami daidai farcen babban yatsa, domin a cikin wasa iyakar abun da za a gani kenan, duk ƙawar da ta ɓace a wannan girman ba lallai ba ce, abun da ya rage kuma ka ƙara masa ƙarfi.

Da ka gama ka goge leyar gwajin nan mai gida-gida, ka mayar da ƙarfin leyar fata cikakke, ka ajiye a matsayin PNG marar bango, ba JPG ba. Ka sa masa wancan dogon sunan daidai, ka fitar da shi daga new ka ajiye a babbar foldar mai lambar gem, ka tabbatar Replace textures a kunne yake Save new textures a kashe, ka rufe gem ka sake buɗewa. In kana son tsari, musamman in fuskokin zasu yi yawa, ka buɗe fayil ɗin textures.ini na cikin foldar mai lambar gem, a ƙarƙashin inda aka rubuta hashes ka sa dogon sunan, alamar daidai (=), sannan sunan da kake so kamar faces/lamba9.png, da ƙananan haruffa kuma babu tazara a ciki. Amma saman fayil ɗin inda aka rubuta options kar ka taɓa in na wani mai gyara ne, ka canza yadda ake lissafa sunayen sai riguna da filaye da komai su koma na 2014.

In fuskar bata fito ba, yawanci ɗayan ukun nan ne, ko sunan ya samu matsala kamar wayar ta ƙara masa lamba a baya ko png ya zama biyu, ko hoton yana cikin new har yanzu, ko kuma textures.ini yana nuna wani hoton daban da wannan sunan. In ta fito a wajen gyara da lokacin murnar cin ƙwallo amma a tsakiyar wasa tsohuwar ce, toh akwai ƙaramin hoto na nesa da gem ɗin yake amfani da shi, sai ka kunna zubowar na ɗan daƙiƙu a cikin wasa ka nemo shi, ka rage zanenka ka ɗora a kai. In kuma ta fito dishi-dishi ka ɗaga Rendering resolution zuwa ninki biyu ko uku gwargwadon ƙarfin wayarka. Ka gwada ta a wasan rana da na dare duka, wani launin inuwar yana kyau da rana amma da dare sai ya haɗiye idon gaba ɗaya, sai ka koma ka ɗan haskaka shi.

Zaka tura wa abokinka kuma, kar ka tura ta WhatsApp a matsayin hoto, zai matse shi ya canza masa suna ya cike wuraren da ake gani ta ciki. Ka haɗa hotunan da layukan ini ɗin a zip da ZArchiver ka tura a matsayin fayil ko ta Xender, kuma ku fara duba lambar foldar gem ɗinku, in ba iri ɗaya ba ce ko gyaran da kuke bugawa daban ne toh shima sai ya zubo nasa dogon sunan ya sa wa hotonka kafin ya hau.